Ba Ki Tambayi Uwarsa Ba

Tun daga shigowar Etek Nurlis, ƙanwar uwarta, cikin shagon, Wirda ta san an samu matsala. Matar da ta fita da hantsi tana baza ƙamshi, tana shaida wa duk 'yan layin cewa yau za ta ɗauko wa 'yar yayarta miji, ita ce ta dawo bayan azahar gyale a karkace. Farantin tagullar nan na sirih, ganyen taunawa, yana rungume a ƙirjinta, rufinsa ko motsa shi ba a yi ba.

Mu ƙabilar Minang haka muke, zuriyar uwa ake bi, 'yan zuriya ɗaya ba sa auren juna, kuma dangin mace ke zuwa neman miji. In gidan saurayi suka buɗe farantin suka ɗanɗana, magana ta zauna. In ya dawo a rufe kuwa, sai kowa ya nemi wurin zama.

Etek ta zube a kan bandir ɗin yadi tana fifita da gefen gyale.

"Etek, ba ki same ta ba ne?" in ji Wirda, tana nufin mahaifiyar Galih, saurayinta.

"Na same ta. Ai gara ma da ban same ta ba."

Mamak Bakhtiar, kawun Wirda kuma mai shagon, ya ajiye almakashin da ke hannunsa. "Nurlis, bar ja mana rai. Raina mu suka yi?"

"Raini? Uda, yayana, ai da rainin ne da sauƙi, sai in rama in taho. Matar nan da unguwa ke kira Bu Warno da sunan marigayi mijinta, na zauna ina ta lanƙwasa harshe ina mata yaren birni. Garin gyara zama na buga gwiwa da tebur, bakina ya suɓuce da yaren gida. Sai matar nan ta saki kofin shayi ya tarwatse. Ta ce, ke 'yar wane gida ce?"

Etek ta gyara gyale ta ci gaba.

"Sunanta Darnis. Ka tuna yarinyar gidan bayan masallaci, wadda aka ce ta bi ɗan Jawa mai aikin titi muna yara? Ita ce. 'Yar zuriyar Sikumbang ce kamar mu, Datuk ɗinmu, shugaban zuriya, ɗaya ne. Kakarta da kakarmu ta tsani ɗaya suka sauko."

Wirda ta dafe kai. Mamak ya juyo ya dube ta a hankali. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma abin tsoron ke nan.

"Wirda, da kika haɗu da Galih ɗin nan, me kika tambaye shi?"

"Na tambaye shi ɗan ina ne, Mamak. Ya ce ɗan Jawa ne, babansa mutumin Klaten."

"Babansa." Ya gyaɗa kai. "Ke da aka haifa a babban gida, kika ji labarin uban mutum kika kama bakinki? Ke zuriyar babanki kike amsawa? Ba ki tambayi uwarsa ba!"

Hawaye suka ɓalle mata. "Mamak, ban taɓa ganinsa ba sai a garin nan. Ba mu sha nono ɗaya ba. Ko yarenmu ba ya ji. Addini bai hana ba, ka tambayi kowane malami."

"Ba sai na tambaya ba, na sani. Ku je gobe a ɗaura muku, halal ne, ba wanda zai ce kun yi zunubi. Amma daga ranar ƙafarki ba za ta sake taka tsanin gidanmu ba. Ba biki, ba mutuwa. Uwarki ke kaɗai ta haifa mace. Gidan nan da gonakin shinkafa wa za su bi? Ni namiji ne, ko ludayi ba nawa ba ne a ciki. So kike ranar da uwarki ta rufe ido a rufe tagogin a bar wa jemagu?"

Ana cikin haka sai ga Yulizar, ɗan goggonta, ya shigo da ƙunshin abinci hannu biyu yana share gumi da kafaɗa. Mai gidajen abinci ne, mutum mai kirki da yawan zufa, kuma tun zuwan Wirda birnin bai taɓa barin shagon ya ci abincin wani ba. Kallo ɗaya ya yi wa farantin ya gane.

"Ga wanda al'ada ta shimfiɗa miki tabarma a kansa," in ji Mamak. "Ɗan 'yar'uwar babanki, zuriyarsa daban, gidansu mun san shi."

Wirda ta yi dariya cikin kuka. "Wanda muka yi wasan taɓo tare shi ne bare, wanda ban taɓa gani ba shi ne ɗan'uwana!"

Yulizar ya sosa ƙeya. "Wir, wallahi ban yi murna ba." Ya share gumi. "To, kaɗan na yi, ba zan miki ƙarya ba. Amma ba na son ganin ki haka. Ci abinci tukuna."

Ta suri jakarta. "Wurin mahaifiyarsa zan je. Da kunnena nake son in ji."

"Zo in kai ki a mota."

"Mota, yanzu? Uda, kafin ka fita daga bakin kasuwar nan na je na dawo."

Mamak bai hana ta ba. Cewa kawai ya yi, "Je ki. Amma ki dawo da amsar da zan ba uwarki, don ni ba zan mata ƙarya ba."

Zuwan wata ɗaya Wirda ta yi Jakarta, don ta kama wa kawunta cinikin azumi. Azumi ya wuce, salla ta wuce, layya ta wuce, ga damina ta kankama, ba ta koma ba. A waya tana ce wa uwarta ciniki ne ya riƙe ta. Ba ciniki ba ne, kuma ba Galih ne kaɗai ba. Garin ne ya shiga ranta.

Ko yau da take saukowa idanu a kumbure, kasuwar Tanah Abang ba ta bar ta ta yi kukanta a nutse ba. Bene a kan bene, kowanne cike da yadi har rufi. 'Yan dako na gudu da dilolin da suka ninka su girma suna ihun a ba su hanya. Matan da suka zo sari daga tsibiran da ko sunansu ba ta taɓa ji ba suna ciniki da yatsu. Ta yi watanni tana bin matakalar nan mai tafiya da kanta, amma har yau in ta leƙa ƙasa ta ga kawunan mutane sai ta ce Allah mai halitta. Duk waɗannan da safe suka tashi, kowa da abin da ya fito nema, kuma da yamma kowa zai sami inda ya kwanta.

Ta shiga jirgin ƙasa, ta bi doguwar hanya da gangan, don zuciyarta ba ta shirya isa ba. A tashar Manggarai ba ita ta yi tafiyar ba, jama'a ce ta ɗauke ta daga wannan jirgin ta haura da ita bene ta zuba ta a wancan. Wata tsohuwa mai kwandon mangwaro ta dubi fuskarta, ba ta tambaye ta komai ba, ta matsa mata wuri kusa da taga.

Jirgin ya hau gadarsa ta sama, birnin ya buɗe.

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga kudu, amma rana ta samu wata kafa ta yamma ta haska benayen gilashi, suka kama da wuta gaba ɗaya. A gindinsu rufin jan tayil ya bazu har inda ido ya gaji, da shanyar kaya, da tankunan ruwa, da tantabarun da wani ya saki. Ga doguwar hasumiyar nan mai harshen zinariya a ka. Ga farar ƙubbar babban masallaci, wadda ranar farko da ta shiga ƙarƙashinta ta manta addu'ar da ta zo yi. A ƙasa kuma babura sun cika titi maƙil suna jiran danja, da ta saki sai suka kwararo kamar an ɓalle bakin buhun shinkafa.

Ta jingina goshi da gilashi. Tsoron garin take ji, kuma son shi take yi, ba ta san wanne ya fi ba.

Galih ne ya fara nuna mata shi daga sama. Gyaran lifta yake yi, ya san masu gadin benaye da dama, wata yamma ya roƙi izini ya hau da ita rufin wani bene mai tsawon da ya sa kunnuwanta toshewa. Da magariba ta yi sai kiran salla ya taso daga ƙasa, daga gabas da yamma da ko'ina, wani na shiga cikin wani, har tsikar jikinta ta tashi. A ƙauyensu ladan ɗaya ne, kuma ta san tarin da yake yi kafin ya fara. Ranar Galih ya ce mata, "Duk mutanen nan, babu wanda ya san sunan kakarki." Sai ta ji wani sanyi a ranta da ba ta taɓa ji ba.

A wurin ne kuma ya ƙara da cewa, "Ibu, mahaifiyata, ita ma daga can wajejenku take, amma ba ta son maganar." Ta ji shi sarai. Tambayar ta zo har bakinta. Ta dubi fitilun da ke kunnuwa layi-layi har bakin teku, ta ce a ranta Minang nawa ne a duniya, ta haɗiye. Wannan ne ba ta faɗa wa Mamak ba.

Kafin ta sauka a Mangga Besar sama ta ɓalle. Galih na tsaye a bakin tashar da kayan aikinsa, ya jiƙe sharkaf, hular kwano biyu a hannu. Saƙonta ya gani ya baro aiki.

"Wir, me ya faru? Ibu ta ƙi ɗaukar wayata."

A ƙarƙashin rumfar mai sayar da soyayyar ayaba ta faɗa masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya.

"Tsaya. Wato ni yayanki ne?"

"Mas, ba abin dariya ba ne," in ji ta, da kiran girmamawar da 'yan Jawa ke yi wa namiji.

"Ni da ban taɓa taka ƙauyenku ba? Ni ɗan Pak Suwarno ne, a lungun nan aka yanke min cibiya. Sikum... me ma kika ce sunan?"

"Sikumbang."

"Kin gani? Ko faɗarsa ban iya ba, za a hana ni mata da shi."

"Su ba ruwansu da ka iya ko ba ka iya ba! Uwarka ce, kai nata ne, ita kuma tamu ce. In na aure ka na rasa Amak, uwata. Ba wai fushi za ta yi ta huce ba, Mas. Ranar da ta rasu a bakin hanya zan tsaya kamar mai wucewa." Kuka ya ci ƙarfinta. "In na bar ka kuma, ban san me zan koma in yi a can ba. Garin nan ya ɓata ni. Kai ma ka ɓata ni."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya miƙa mata hula.

"Saurara. Ibu ta bar mutanen nan tun kafin a haife ni. Ba ta taɓa komawa ba, ba ta taɓa ambaton su ba. In akwai wanda zai tsaya mana a duniya, ita ce. Ita ma ai son wani ta bi. Share hawayenki, mai ayaba ya fara tunanin duka na yi miki."

"Ni ban ga komai ba," in ji mai ayaba, bai ko ɗago ba.

Ta hau bayan babur ɗin, jakarta a tsakaninsu. Ruwa ya kai rabin taya, amma babu abin da ya tsaya. Masu babura sun lulluɓa da leda kala-kala, masu amalanken taliya na tura kayansu tururi na tashi cikin ruwan sama, fitilun shaguna sun zubo a kan titin ja da kore. Suka bar babban titi suka shiga lungu, daga nan wani lungun da gwiwoyinta ke gogar bango. Bayan wani bene da ba ta iya hango ƙarshensa ba sai ga mutane zaune a ƙofar ɗakunansu, da tukwanen fure a gwangwanin fenti, da kejin tsuntsu, da tsofaffi na buga dara kamar ba a cikin birnin suke ba. Duk da abin da ke cin ta, Wirda ta saki baki. Sai ta ji maganar Galih ta zauna mata. Garin da ya ɗauki wannan duka ba zai rasa wurin mutum biyu ba.

Tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya tare ta, ta tsaya cik. Madarar kwakwa ce da ganyen kurkur da barkono, miyar da uwarta ke yi ranar da baƙi suka zo.

"Ikon Allah," in ji Galih. "Ibu ba ta taɓa dafa wannan ba."

Bu Warno ta fito daga kicin, 'yar ƙaramar mace mai furfura, idanunta jajur. Ba ta ko dubi ɗanta ba. Ta kama fuskar Wirda da hannu biyu, ta yi magana da yaren gida, irin na tsofaffin da Wirda ta daina ji tun rasuwar kakarta.

"Ke ce jikar Mak Siah? Wayyo, ga goshin nan nata. Ita ta huda min kunne."

"Ibu..."

"Kada ki ce min Ibu. Ce min Etek. Bari in ji da kunnena."

Wirda ta kasa. Tsohuwar ta ja ta suka zauna a tabarma, ba ta saki hannunta ba.

"Kududdufin kifin bayan masallaci yana nan? Bishiyar durian ɗin bakin maƙabarta fa? Har yanzu hazo na rufe dutsen da safe?"

"Suna nan. Komai yana nan."

Tsohuwar ta fashe da kuka, Wirda ta rungume ta. Galih na tsaye a bakin ƙofa ruwa na ɗiga daga rigarsa, ba ya jin ko kalma ɗaya. Ya ga uwarsa da masoyiyarsa a rungume, sai ya saki ajiyar zuciya ya fara murmushi.

"Etek," in ji Wirda da ƙyar, "ke kin san abin da nake ji. Ke ma kin bi wanda kike so."

"Na bi. Kuma bai taɓa sa ni nadama ba, Allah ya ji ƙansa. Amma ni ba a kore ni ba, 'yata, ɗan Jawa ba laifi ba ne. Fushi na yi da maganar da aka faɗa masa, na ce ba zan koma ba sai sun neme ni. Su ma suka ce sai na neme su. Muna wannan jiran uwata ta rasu. A bakin wani direba na ji, bayan an yi arba'in."

Ta share fuska da gefen zane.

"Garin nan kina ganinsa kamar aljanna, na gani a idonki, ni ma haka na gan shi. Ba wanda ya san ki, ba mai sa miki ido. Ki bari ki tsufa a ciki. Mijina da ya rasu, a kan kabarin wani ɗan'uwansa aka sa shi, don babu wuri. Ni ko wanda za a sa ni a kansa ba ni da shi."

"Etek, don Allah..."

"Yau Nurlis ta ce in za su tafi gida da salla da ni za a tafi. Ta ce wurina yana nan kusa da uwata, ba wanda ya taɓa shi. Kin ji? Yana nan." Ta matse hannun Wirda har ya yi mata zafi. "In kika auri ɗana, ba ke kaɗai za a rufe wa ƙofa ba. Ni ce na haife shi. Ban taɓa roƙon kowa komai ba a garin nan, ko gishiri. Ke nake roƙo. Ki bar ni in koma gida."

A waje ruwan ya tsagaita, ladanan unguwar suka fara ɗaya bayan ɗaya.

Galih ya matso ya durƙusa a gefen tabarmar, fuskarsa fal murna.

"Wir, me ta ce? Ta yarda, ko? Ai na faɗa miki."

Ta dube shi. Tana son sa kamar ranta, kuma hannunta na cikin na tsohuwar, ta kasa janyewa.

Bu Warno ta miƙe a hankali, ta jawo tukunyar, ta zuba shinkafa a faranti biyu ta ajiye a gabansu. Sannan ta juya harshe zuwa yaren birni don ɗanta ya ji da kyau.

"Galih, je ka wanke hannu. Zo ka ci abinci da ƙanwarka."